Buraima da Kan Zakaran Suwaidi

Da asubar wata Juma'a a watan Agusta, bayan an fito daga masallaci, na tarar Malam Buraima ya riga ni shiga shago. Yana zaune a ƙasa, ya ɗora kan zakara a cinyarsa yana ɗinka masa jan zanko da babbar allura. Kan ya kai girman randa. Soso ne aka yayyanka aka haɗa da gam, aka lulluɓe shi da farin yadi mai gashi-gashi. A inda idanu za su zauna akwai ramuka biyu, kowanne kamar tafin hannu, an rufe su da baƙar raga. Da la'asar ɗin ranar wani mutum mai suna Saidou zai zura kansa a ciki, ya tsaya awa uku a bakin titi a unguwar Suwaidi yana rawa, kuma duk iskar da zai shaƙa ta waɗannan ramuka biyu za ta shiga. Waya ta nuna zafin ranar zai kai arba'in da shida.

Ni sunana Maulud, mutumin Funtua, ni ne direban shagon a lokacin. Shekara tara na yi a Riyad ina kai kaya ina ɗauko kaya. Ban iya tsara zance ba. Abin da na ga mutumin nan ya yi shi zan faɗa, har da nawa laifin a ciki.

Shagon yana unguwar Shifa, a bayan layin masu gyaran mota. Na wani Balarabe ne, Abu Nayif, shi ne kafil ɗinmu, wato sunansa ne a kan iƙamarmu, takardar zamanmu a ƙasar. Abin da muke yi shi ne irin kayan nan da mutum ke shiga ciki gaba ɗaya ya koma zomo ko zaki ko kwalbar lemo, don tallar shago ko bikin yara. Mu dai dodo muke ce musu.

Malam Buraima mutumin Damagaram ne, ya kusa sittin. Mahaifinsa maɗinkin babbar riga ne, aikin hannu, a wurinsa ya koyi allura. Ya zo Riyad ya yi shekara goma yana ɗinka jallabiya a unguwar Malaz. Da aka buɗe gidajen sinima aka fara kawo mawaƙa, sai Abu Nayif ya ga kasuwa ta juya, ya rufe shagon jallabiya ya sayo soso. Mutane suka riƙa zuwa da waya a hannu suna nuna hoto. Wannan yana son ɗansa ya fito kamar jarumin nan mai tashi sama. Wannan 'yarsa tana son kwat mai ƙyalli irin ta wani mawaƙi da aka yi wa gashi shuɗi. Buraima bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, bai taɓa shiga sinima ba. Shi yake raɗa musu sunansa: Mai Kunnen Faifai, Mai Jan Wando, Mawaƙin Da Aka Wanke Da Bula. Zai karɓi wayar ya nesanta ta daga fuskarsa ya duba sau ɗaya, ya mayar, ya durƙusa ya zana abin da alli a kan siminti. Kwana huɗu ka zo ka ɗauka. Na ga Larabawa suna tsayawa suna kallon hannunsa su manta da abin da ya kawo su.

Abu ɗaya ne ba ya yi. Ba ya yin idanu.

Tun yana yaro mahaifinsa ya gaya masa duk wanda ya ƙera siffar abu mai rai har ya cika ta, ranar ƙiyama za a ajiye masa ita a ce ya hura mata rai, kuma ba zai iya ba. Wannan maganar ta zauna masa. Da aikin dodo ya zo, bai da wata hanyar ci da iyali, matarsa Balkissa da 'ya'ya shida suna Damagaram suna jiran abin da zai aika. Sai ya yanke wa kansa iyaka. Zai yi jiki, zai yi kai, zai yi kunne da hanci da baki, amma a wurin ido zai bar rami ya sa raga ya tsaya. A ganinsa abin da ba shi da ido bai cika ba. Idan aka gama aka yi idon, ba ya ƙara duban fuskar. A leda yake ɗaukar kan, fuskar tana kallon ƙasa.

Akwai ranar da aka kawo aikin dodon dabino. Na ce, "Malam, wannan kam ai sai ka yi. Dabino ba shi da rai."

Ya ce, "Yi masa ido ka gani in yara ba su gaishe shi ba."

Mai yin idon wani ɗan Filifin ne da kowa ke kira Sadik. Ya san aikinsa. Fari yake zagaya ramin da shi, ya yi gira da gashin ido, ya bar baƙar ragar a tsakiya ta zama ƙwayar ido. Daga waje sai ka ga ido, daga ciki taga ce. A can saman kan kuma Buraima yana ɗaura 'yar fanka mai batir da ke janyo iska ta ragar. Shekara biyar suna haka ba a taɓa samun matsala ba. A watan Yuli Sadik ya tafi hutu ƙasarsu, wata biyu.

Wajen ƙarfe tara na safiyar Juma'ar Abu Nayif ya shigo da leda. Ya zazzage ta a kan tebur. Idanun roba ne guda biyu, manya, masu sheƙi, kamar an raba ƙwallo biyu. Mai gidan abincin da zai buɗe a Suwaidi, mai sayar da soyayyar kaza, ya ga hoton wani aikinmu na baya ya ce idon ya yi kama da na mushe, shi mai ƙyalli yake so kamar wanda ke jikin allon shagonsa.

Abu Nayif ya dubi Buraima. Buraima ya ci gaba da naɗe zare. Abu Nayif ya san halinsa, bai ɓata bakinsa ba, ya juyo kaina. "Maulud, yalla. Gam ne kawai."

Na ce ni direba ne. Ya ce direba ba shi da hannu ne? Ya fita.

Na ɗauko gwangwanin gam, irin rawayan nan mai hawa kai. Buraima ya tashi ya ɗauki butarsa. Har ya kai ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. Ya ce, "Ka bar masa hanyar iska."

Na ce, "To, Malam."

Ya fita. Bai dawo ba sai da na gama.

Na gasa ƙusa a risho na huda ramuka huɗu a tsakiyar kowane ido. Na shafe bakin robar da gam, na manna a kan ragar, na danne. Gam ya malala ya cinye sauran ragar da ta leƙo ta gefe, ban damu ba, na ga ma ya fi kamawa. Da ya ɗan bushe na sa kan a kaina, a cikin shago, esi yana hurawa. Ina gani ta ƙananan ramukan, ina numfashi. Ban fi minti ɗaya ba na cire. Na ce ya yi. Na sa shi a leda na ɗaure.

Saidou ya zo bayan an sauko daga Juma'a. Mutumin Maraɗi ne, ya ba hamsin baya, ƙaton mutum mai faɗin ƙirji. A samartakarsa ɗan kokawa ne, kuma in ya shiga dodo irin takun nan na 'yan kokawa yake yi, yana buɗe hannu yana girgiza kafaɗa, shi ya sa yara ke haukacewa a kansa. Aikinsa na ainihi shara ne a wani kamfani mai goge ofisoshi a Malaz. Iƙamarsa ta kamfanin ce. Ranar Juma'a ba ya aiki, sai ya zo ya sa mana dodo a ba shi na hannu. Doka ta hana mutum yi wa wani aiki ban da kafil ɗinsa. In aka kama, kora ce. Saidou yana da hawan jini, kullum da ƙwayarsa a aljihu, kuma duk ranar da zai sa dodo sai ya faɗi magana ɗaya yana dariya.

Ranar ma ya faɗe ta. "In na faɗi, kada wanda ya kira motar asibiti. Ku kwara mini ruwa kamar doki. Kun ji ko?"

Na ce, "Kai da ko aljani bai kayar ba a Maraɗi?"

"Wanga ƙarya ce ta 'yan Nijeriya. Sau biyu anka kada ni. Ɗaya ma matata ce."

Buraima bai yi dariya ba. Ya ɗaga ledar kan zai miƙo mini, sai ya tsaya ya kai hancinsa bakin ledar. Warin gam ne. Ya daɗe a haka. Ban taɓa ganin ya je wurin da ake sa dodo ba, ba ya son ganin abin yana motsi da fuska. Amma ya ajiye ledar ya koma ciki, ya ɗauki babban almakashinsa ya sa a aljihun jallabiya, ya fito ya buɗe ƙofar mota.

Saidou ya ce, "Kai! Yau Malam zai ga ɗansa shina rawa."

Buraima ya ce, "Ka sha maganinka?"

"Na sha, Baba."

"Ni ba babanka ba ne. Shekara nawa na ba ka?"

Mun isa Suwaidi ana kiran la'asar. Muka yi salla, muka dawo bayan mota muka shirya shi. Akwai wata 'yar shara da Buraima ya ɗinka mai aljihu shida, ana cusa robobin ruwa masu ƙanƙara a ciki. Ita ya fara sawa, sannan gangar jikin, sannan rawayen ƙafafu masu yatsu uku. Ni na ɗora masa kan, na cusa wuyan a cikin rigar, na ɓalla maɓallai huɗu na baya yadda ba zai faɗo ba in yana tsalle.

Muryarsa ta fito daga ciki kamar daga rijiya. "Mi kunka zuba a nan? Fetur?"

Na ce, "Gam ne, zai fita."

Buraima yana kallon ƙasa ya ce, "Kana jin iska?"

"Fanka na juyawa."

"Ba fanka na tambaye ka ba."

"Malam, awa uku ne. Na yi biyar a cikin zaki."

Buraima ya ce duk minti ashirin ya zagayo bayan mota a cire masa kan ya sha ruwa. In ya ji ba daidai ba ya bugi kan sau biyu da fiffike. Saidou ya ɗaga fiffike ya sara masa kamar soja, ya fita.

An ɗaure balan-balan a ƙofar gidan abincin, an kunna lasifika. Rana ta karkata amma kwalta tana mayar da zafin da ta sha tun safe, ana jinsa ta ƙasan takalmi. Motoci suka fara tsayawa, yara suna fitowa. Saidou ya buɗe fiffike ya fara takunsa. Minti ashirin na farko ya zagayo, muka cire kan. Gumi na zuba daga gemunsa kamar an buɗe famfo, idonsa ya yi ja. Ya shanye roba ɗaya ya ce ramukan suna yin tururi, da ƙyar yake gani. Na goge su da gefen rigata. Buraima ya ce a bari ya huta. Sai ga manajan gidan abincin ya leƙo, wani siriri mai waya biyu, yana tafa hannu. Wai mai gidan abincin da baƙinsa sun taso, za a yanka ƙyalle, dole a ga zakara a ƙofa. Ya ce kuma kada ya sake ɓacewa sai sun tafi.

Na mayar masa da kan. Na sake ɓalla maɓallan.

Muka tsaya a gefen mota, ni da Buraima. Bai ɗaga ido ya dubi fuskar zakaran ba ko sau ɗaya. Ƙafafun yake kallo. Minti ashirin suka wuce, baƙi ba su iso ba. Talatin. Na ga leɓensa yana motsi. Na ce, "Malam, ai ƙato ne, ya saba."

Can ya ce, "Ya daina ɗaga ƙafa."

Na duba. Zakara yana nan yana girgiza kafaɗa, fuskarsa tana dariya, idanun suna sheƙi. Amma ƙafafun ja yake yi a ƙasa. Na ce bari in je in janyo shi. Daidai nan motocin baƙin suka iso, mutane suka taru suka rufe tsakaninmu, aka ƙara ƙarar lasifika. Ta saman kawunansu nake hango jan zankon. Na ga fiffike ya tashi ya taɓa kan. Sau ɗaya. Na tsaya ina jiran na biyu. Har yau ina tambayar kaina me ya sa na tsaya jira.

Zankon ya yi ƙasa ya ɓace.

Abin da na fara ji dariya ce. Yara sun ɗauka wasa ne. Da na kutsa na tarar yana kwance rub da ciki, yara uku sun hau bayansa suna sukuwa, iyaye sun ɗaga waya suna ɗauka. Buraima ya riga ni isa, ban san yadda aka yi ba. Ya ɗaga yaran ɗaya bayan ɗaya ya ajiye gefe. Muka juya shi. Maɓallan suna baya, nauyinsa ya danne su, na kasa zura hannuna. Manajan yana ihu a kanmu da Larabci, wai kada a cire kan a gaban yara, a ja shi baya tukuna.

Buraima ya zaro almakashi. Ya kafa shi a ƙarƙashin idon dama ya danna, ya yanko har baki, ya sa hannu biyu ya ɓare fuskar kamar ana ɓare kabewa. Wani zafi mai warin gam ya bugo mu. Yaran suka fasa kuka, aka fara janye su.

Saidou ba ya gumi. Fatarsa ta bushe, in ka taɓa kamar murfin tukunya. Idonsa ya juye, yana wani irin minshari. Na kira sunansa, na mare shi, babu. Wasu samari biyu suka taimaka muka kinkime shi zuwa bayan mota. Na tayar da inji na ƙure esi. Buraima ya yanke gangar jikin daga wuya har ciki, ya riƙa kwarara masa ruwa, yana cusa sauran ƙanƙarar a hammatarsa da wuyansa.

Na kira Abu Nayif. Ya ce a cire masa kayan dodon duka, a sa masa nasa, a kai shi ɗakinsu a kwantar. In ya zama dole a je asibiti, mu ce a hanya muka tsince shi. Ya kashe wayar.

Na gaya wa Buraima. Ya ce, "Tuƙa."

"Ina?"

"Asibiti."

"Malam, ka ji abin da shi kansa ya ce. Kora ce fa. Har mu."

"Na ji."

Hannuna yana kan sitiyari, ban motsa ba. Ina tunanin iƙamata, ina tunanin 'yan sanda, ina tunanin ni na manna idon. Minti ɗaya na yi ko biyu, ban sani ba. A bayana minsharin yana tsayawa, ya daɗe, ya dawo. Duk tsayawar da ya yi sai in ce shi ke nan.

Buraima ya ce, "Maulud, in ba za ka tuƙa ba sauka in tuƙa."

Mutumin da ko keke ban taɓa ganin ya hau ba. Kuma ya riga ya buɗe ƙofar baya zai zagayo. Na sa giya.

Ba mu tsaya cire sauran kayan ba. Da rawayen ƙafafun zakara aka gungura shi cikin sashen gaggawa, kowa yana gani. Da wani ma'aikaci ya tambaye mu me ya faru, ina shirin buɗe baki Buraima ya gaya masa komai da gurgun Larabcinsa: awa nawa, zafi nawa, irin gam ɗin, maganin da yake sha. Ya ciro kwalin ƙwayar daga aljihun Saidou ya miƙa. Aka karɓi iƙamar Saidou, aka karɓi tamu aka rubuta.

Muka zauna a kan benci. Aka kira magariba muka yi muka dawo. Duk wanda ya fito da farar riga sai mu miƙe, ya wuce mu. Jallabiyar Buraima ta jiƙe, farin gashin yadin ya manne a hannunsa. Can ya ce, "Rami nawa ka huda?"

"Huɗu-huɗu."

"Da me?"

"Ƙusa."

Na jira ya zage ni. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ya ce, "Ni na fita na bar ka."

Saidou bai farfaɗo ba sai kwana na biyu. Likita ya ce da mun ƙara rabin awa da gawa muka kawo. Ƙodarsa ta taɓu, ya yi kwana tara a kwance. Kafin ya fito kamfaninsu sun ji, hoton faɗuwar ma ya zagaya a waya. Suka buga masa fita ba dawowa.

Mun je duba shi a kwana na biyar. Ya rame, ƙirjin nan ya zube. Da ya gan mu ya juya fuska bango.

Buraima ya ce, "Sannu, Saidou."

"Na ce muku kada ku kai ni."

"Ka ce."

"To?"

"Ban bi ba."

"Shekara goma sha ɗaya ina goge ƙasa a garin ga. Saura biyu in gama ginin gidana. Yanzu mi zan ce wa Delou?" Delou matarsa ce.

Buraima ya ce, "Ka ce mata ga ka."

Saidou bai juyo ba. Muka ajiye masa lemo muka fita. Ni na kai shi filin jirgi bayan sati uku. Sai da zai sauka ya ce in gaya wa Malam ya yafe gam ɗin, asibitin ne bai yafe ba tukuna. Na ji yana Maraɗi yanzu, yana zama a shagon ƙanensa, ba ya iya aikin ƙarfi.

An ci Abu Nayif tara. Ya zo shago ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Bai kori Buraima ba, don ba shi da wani mai yanka soso kamarsa. Ni ya ce in kwantiragina ya ƙare ba zai sabunta ba. Ban yi gardama ba.

Na san Buraima ya je ya tambayi malamai biyu a kan maganar idon. Ɗaya ya ce kayan wasan yara ne, babu laifi. Ɗaya ya ce tun daga kan ma bai halatta ba. Ya dawo ya zauna a kan kekensa na ɗinki, bai gaya mini wanda ya ɗauka ba. Sadik ya dawo daga hutu ya ci gaba da yin idanu. Idon roba kuwa ko an kawo, Buraima ba ya yanka soson aikin sai an mayar da shi.

Abin da ya canza shi ne wannan. Duk dodon da aka gama, kafin ya bar shago, Buraima zai sa shi, jiki da kai da ƙafafu, a ɓalla masa maɓallai. Bayan azahar zai hau saman ginin, inda ba inuwa sai ta tankin ruwa, ya yi ta kai da kawowa awa ɗaya cur. Ba ya sa rigar ƙanƙara. In ya sauko lafiya, a kai kaya. In ya ji numfashi ya yi masa wuya, ya farke kan ya sake.

Mutum mai ciwon suga, ga shekaru. Ranar farko na tare shi a matakala na ce, "Malam, ba ni in sa. Ni na yi ɓarnar."

Ya ce, "Kai ka fi masu sawa ƙarfi. In ka jure ba a san komai ba. In ni na jure, kowa zai jure."

"In kai ka faɗi fa?"

"Ka san hanyar asibiti."

Abu Nayif ya hana, ya ce ba zai sake biyan tara a kan gawar tsoho ba, ya kulle ƙofar sama. Buraima ya sa dodon ya fita bayan shago ya yi awarsa a tsakanin matattun motoci, makanikai suna masa tafi. Abu Nayif ya ga wannan ya fi muni, ya buɗe ƙofar. Da sanyi abin da sauƙi. Da zafi ya fara dawowa a watan Afrilu, duk ranar da ya hau ba na iya cin abinci. Zan zauna a ƙasa ina sauraron takunsa ta silin. Sau ɗaya takun ya tsaya, na haura da gudu na tarar ya cire kan wani biri yana amai a gindin tanki. Ya goge baki ya ce fankar ce ta yi ƙasa da yawa, a ɗaga ta. Bai taɓa gaya wa Balkissa yana wannan ba. Na sani, don ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa daga mutanen garinsu.

Kwantiragina ya ƙare a watan Yuni. Ranar da zan tafi na biya shago bayan azahar in yi sallama, mai tasi yana jira da jakunkunana. Sadik ya nuna mini sama da yatsa.

Na hau. Simintin yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Yana cikin wata shuɗiyar mage da wani shagon waya ya ba da aiki, yana tafiya daga wannan bango zuwa wancan, wutsiya tana jan ƙasa. Na yi sallama. Ya ɗaga hannu ya nuna mini yatsun magen guda huɗu sau biyu, saura minti takwas. Na raɓe a jikin tanki ina kallon agogo. Mai tasi ya yi ta kira ina kashewa.

Da lokaci ya cika ya zo ya juya mini baya na ɓalle maɓallan. Fuskarsa ta kumbura, numfashinsa yana fita da ƙara. Ya zauna a kan bokiti ya sha ruwa a hankali. Ya ce, "Yau ne?"

"Yau ne, Malam. A yafe mini."

"Ba ka yi mini komai ba. Allah ya kai ka lafiya. Ka gaida mutan gida." Ya riƙe hannuna da hannun mage, ya ɗan daɗe, ya saki.

Na ce, "Wannan ta yi?"

Ya girgiza kai. Ya kifa kan magen a cinyarsa, ya laluba ƙarƙashin haɓa da yatsa, ya ciro alli daga bayan kunnensa ya zana da'ira. Ya yanke wurin da almakashi, ya cire soson ya jefar, ya ɗaga kan sama ya leƙa ta ramin. Sannan ya mayar da shi kansa, ya juyo mini baya. Na ɓalla masa maɓallan. Ya nufi bangon can, ni kuma na sauka.